Tsohon Teburin Rubutu: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Taya

 

Shugaban wannan zama, malamaina da ke jere a gaba, 'yan'uwa marubuta maza da mata, ɗalibai, da kafintocin da na hango can baya sun zo su ji ko zan yi musu shisshigi a sana'a, ina yi wa kowa barka da yamma. An ba ni magana a kan yadda mutum zai zaɓi tsohon teburin rubutu. Na san akwai wanda ya ga taken ya ce a ransa, ana ta kai wa yake ta kaya? To, ya yi haƙuri ya saurara. Kuɗin da ake kashewa a kan sabon teburin dusar katako, wanda damina biyu ke kumbura shi, sau da yawa ya isa a sayi tebur da ya girmi mai shi kuma zai kai wa jikokinsa. Abin da ya rage shi ne a san yadda ake dubawa.

Mu fara da gaskiyar da ta shafe mu. Tebur baƙo ne a ɗakin karatun Bahaushe. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u ba a kan tebur mai aljihu aka rubuta su ba. Malami kan zauna a kan buzu, ya ɗora takarda a gwiwa, tawada na gefe, gafaka na rataye. Tebur ya shigo ne da boko da ofis: makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano an buɗe ta a 1909, titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan ofisoshin En'e da kantunan Turawa suka yi ta yaɗuwa. Saboda haka duk dillalin da ya nuna maka tebur ya ce shekararsa ɗari biyu a gidan wani basarake a ƙasar nan, ka gaishe shi da kyau, amma ka riƙe kuɗinka tukuna.

Masu wannan sana'a sun raba tsofaffin kaya gida biyu. Abin da ya kai shekara ɗari shi ne kayan tarihi. Wanda ya wuce ashirin bai kai ɗari ba, tsohon yayi ne. Wannan iyaka ba kafinta ne ya yanka ta ba, 'yan kwastan ne. Dokar harajin Amurka ta 1930 ta yafe kuɗin fito ga kayan da aka yi kafin 1830, domin daga wajen wannan shekara ce injuna suka fara karɓe aikin hannu. A 1966 aka sauya ta zuwa shekara ɗari. Ku lura da abin da wannan ke nufi: tebur ɗin da masana'anta ta buga dubunsa a 1920 yau ya zama kayan tarihi a takarda, alhali wanda gwanin kafinta ya yi da hannu a 1955 bai zama ba. Shekaru kaɗai ba sa gaya maka inganci.

Siffofin teburin suna da yawa, ba zan ƙirga su duka ba. Asalinsu ƙaramin akwati ne mai gangaren murfi, wanda ake ɗorawa a cinya ko a kan benci. A kan irinsa Thomas Jefferson ya tsara takardar 'yancin Amurka a 1776, kuma marubuciya Jane Austen tana da nata, wanda ke ɗakin karatu na Birtaniya a Landan yanzu. Da aka ɗora akwatin a kan jerin aljihuna sai aka sami teburin da murfinsa ke saukowa ya zama wurin rubutu, cikinsa cike da 'yan ramukan ajiye wasiƙu, wani lokaci har da ɓoyayyen aljihu. Akwai mai ginshiƙi biyu, aljihuna dama da hagu, gwiwa a tsakiya, irin na ofishin alƙali. Akwai mai murfi kamar rabin ganga, wanda mafi shahararsa shi ne na Sarki Louis na 15 na Faransa: kafinta Oeben ya fara shi a 1760, ya mutu bai gama ba, Riesener ya kammala a 1769, yana fadar Versailles har yau. Amurkawa kuma sun so mai murfin sanduna da ake naɗewa, da kuma na William Wooton na birnin Indianapolis, wanda ya yi wa rajista a 1874, mai ɗakunan ajiya sama da ɗari.

Duk wannan daɗin ji ne. Tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce, me zan yi a kansa? An ƙera waɗannan tebura ne don takarda ɗaya da alƙalami da kwalbar tawada. Wanda murfinsa ke saukowa, nauyin murfin yana kan sanduna biyu da ake jawowa da kuma hinjis guda biyu. Ka ɗora masa babbar kwamfuta da ƙamus uku, ka dafa da gwiwar hannu kullum, wata rana za ka ji ƙas. Ƙaramin nan da ake kira Davenport, wanda kamfanin Gillows na Lancaster ya fara yi a ƙarshen ƙarni na 18, kyakkyawa ne ƙwarai, amma faɗinsa bai fi a rubuta wasiƙa ba. Mai nazari da littattafai biyar a buɗe, mai ginshiƙi biyu ko shimfiɗaɗɗen tebur mai ƙafa huɗu ne nasa.

Sannan ka tafi da tef ɗin awo, ka kuma zauna. Teburin zamani tsayinsa tsakanin santimita 73 zuwa 76 ne, kuma gwiwa na bukatar sarari kamar santimita 62 zuwa 65 daga ƙasa. Tsofaffi da yawa ramin gwiwarsu gajere ne kuma matsattse, musamman idan akwai aljihu a tsakiya, ko an taɓa yanke ƙafafun da suka ruɓe. Wannan matsala ba ta bar kowa ba. Teburin da shugabannin Amurka ke zama a kansa, wanda aka yi da katakon jirgin ruwan Ingila mai suna Resolute, Sarauniya Victoria ta aika wa Shugaba Hayes a 1880, sai da aka ƙara masa gindi na kusan inci biyu a 1961. In ka sa babbar riga ka zauna ka ji cinyarka ta tokare, ka tashi ka ba shi wuri komai kyansa.

Yanzu mu zo kan abin da na fi so ku tafi da shi. Fuskar tebur ita ce wurin da aka fi yi wa kwalliya, don haka ita ce ta fi iya ƙarya. Shaida tana inda mai ƙerawa bai zaci za a leƙa ba: cikin aljihu, bayan tebur, da ƙarƙashinsa. Ka nemi izinin mai kaya, ka zare aljihu ɗaya gaba ɗaya, ka fita da shi haske. Mai kayan da ya hana ka yin haka ya riga ya ba ka amsa.

Ka dubi kusurwar da gaban aljihu ya haɗu da gefensa. Za ka ga haƙora sun shiga juna, faɗi a waje, tsuke a ciki, siffar wutsiyar kurciya. Idan hannu ya yanka su, ba za su zo daidai da juna ba: wannan ya fi wancan kauri kaɗan, tazararsu ta bambanta, wasu sirara ne ƙwarai, kuma sau da yawa za ka ga ɗan layin da kafinta ya zana da wuƙa don ya san inda zarto zai tsaya, wani wuri ma zarton ya ɗan zarce layin. Idan kuwa haƙoran sun jeru tsaf, girma ɗaya, tazara ɗaya, to inji ne, kuma wannan aiki bai yawaita ba sai bayan 1860. Akwai wani haɗi mai kama da jerin rabin wata da ɗigo a tsakiya. Charles Knapp ne ya yi masa rajista a Amurka a 1867, aka yi yayinsa daga wajen 1870 zuwa 1900. Ka gan shi, ka san ƙasa ka san zamani ba tare da ka tambayi kowa ba.

Ka kife aljihun. Ka shafa gindinsa da tafin hannu, ido a rufe ma ya fi. Katakon da aka kankare da hannu yana da 'yan tudu da kwari masu laushi waɗanda yatsa ke ji ko ido bai gani ba. Ka haska tocila a kaikaice. Sawun zarton hannu miƙaƙƙe ne amma ba a jere ba. Sawun da ya lanƙwasa kamar baka na zarton inji mai juyawa ne, wanda bai zama ruwan dare ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19. A kayan Ingila, jijiyar katakon gindin aljihu tana tafiya daga gaba zuwa baya har wajen 1770, daga nan aka koma yin ta daga gefe zuwa gefe. In ka tarar da filawud a teburin da aka ce na zamanin Chippendale ne, mutumin da ya buga littafin zanensa a 1754, to ko an canza gindin ko an shirya maka labari. Sai ka dubi ƙasan gefen aljihun, inda yake gogar jikin tebur. Aljihun da aka yi shekara ɗari ana ja ana turawa dole ya cinye a wurin, ya kuma haƙa ɗan kwari a kan sandar da yake bi. Cin da ke jikin aljihu da kwarin da ke jikin tebur su dace da juna. Kuma aljihun da aka fi amfani da shi, na sama ta hannun dama, ya kamata ya fi na can ƙasa cinyewa.

Ƙusa da sukuru su ma suna ba da shaida. Ƙusar maƙera mai kai kamar an daddaka ta ita ce ta kafin 1800. Bayanta aka yi mai kusurwa huɗu da inji ke yankowa daga farantin ƙarfe. Zagayayyiyar ƙusar da muka sani ba ta mamaye kasuwa ba sai wajen 1890. Tsohon sukuru bakinsa dakusasshe ne, tsagar kansa sau da yawa ta kauce daga tsakiya. Mai tsini ya zo ne bayan 1846, mai tsagar gicciye kuwa sai shekarun 1930. Amma a yi hattara, sukuru ɗaya ba ya yanke hukunci, don an sha gyara. Abin dubawa shi ne ko tsatsarsa ta rina katakon da ke kewaye da shi. Haka kuma ka leƙa bayan marikin aljihu daga ciki. Ramukan da aka toshe suna nufin an canza mariki, wanda ba laifi ba ne babba, yayi ne ke sauyawa. Abin da ke ta da hankali shi ne a ga rami a ciki amma babu alamarsa a waje: an sake lulluɓe fuskar ke nan. Makulli ma kan ɗauki sunan maƙerinsa. Bramah ya yi rajistar nasa a 1784, Chubb a 1818, don haka tebur ba zai girmi makullinsa na asali ba.

Na ce lulluɓi, bari in yi bayani, don mutanenmu suna yawan raina shi. Turawa sun daɗe suna yanka katako mai tsada sirara su manna a kan mai araha. Ba ha'inci ba ne, mafi kyawun kayan Faransa da Ingila haka aka yi su. Na dā da zarto aka yanka, kaurinsa ya kai milimita ɗaya da rabi zuwa uku. Na yanzu bai fi rabin milimita da ɗoriya ba. Inda ya ɗan ɓalle a kusurwa, nan za ka ga kaurin. Katakon kansa yana da zamani. A Ingila, ok ne ya yi mulki har wajen 1660, sai walnat, sai mahogani bayan dokar 1721 da ta cire haraji a kan katakon da ke zuwa daga ƙasashen da Ingila ta mallaka. Wancan mahogani daga Jamaika da Kuba da gaɓar Honduras yake, kuma bayi 'yan Afirka ne suka sare mafi yawansa. Ya kamata mu riƙa tuna wannan in muna yaba sheƙinsa. Mahoganin Afirka, dangin maɗacinmu, bai shiga kasuwar Turai da yawa ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Tebur mai fasalin 1760 da aka yi da dangin maɗaci kwaikwayo ne na baya. Yana iya zama mai kyau, yana iya ma cika shekara ɗari, amma a biya kuɗinsa a matsayin kwaikwayo.

Algus a wannan kasuwa ba kasafai yake zuwa da sabon abu ƙal ba. An fi haɗa tsoho da tsoho. A ɗauko saman wani tebur a ɗora a gindin wani, 'yan sana'ar suna ce masa aure. A farfasa katafaren kabad da ba mai so, a fitar da teburin rubutu daga katakonsa. A mayar da teburin kwalliyar mata ko gangar jikin tsohuwar fiyano wurin rubutu. Maganin duk wannan shi ne a juya tebur a dubi bayansa. Allunan baya ba a shafa musu komai, iska da ƙura ne ke rina su a hankali, su yi duhu iri ɗaya daga sama har ƙasa. In sama da ƙasa sun bambanta a launi ko a irin katako, ko haƙoran aljihun sama ba hannun da ya yanka na ƙasa ba ne, an yi aure. In ka ga gefen allo fari tas, sabon yanka ne. In ka ga an shafa kala a wurin da ido ba ya kaiwa, ka tambayi kanka me ake rufewa. Ka sa hanci ma: tsohon aljihu warin ƙura da tsohuwar takarda yake yi, ba warin gam da fenti ba.

Wanda aka fi yi wa wannan aika-aika shi ne teburin tafiya na hafsoshin Ingila, mai tagulla a kusurwoyi da mariki lafe a jiki, wanda ake rabawa gida biyu ko uku don 'yan dako su ɗauka. Da yake irinsa ya zaga Indiya da Afirka, mu ma ana yawan kawo mana shi da labarin wani Di'o da rangadinsa. A na gaske, tagullar a nutse take cikin katako daidai da fuska, kuma katakon da ke ƙarƙashinta bai sha rana ba. A na jabu an ɗora ta ne a sama an ɗaure. Labari kuwa, in babu takarda, ko rasit, ko tambari, ko hoto, kada ka ƙara ko kwabo saboda shi. Gani ya kori ji.

To, a ce ka duba duk wannan, tebur ya ci jarrabawa. Saura babban alƙali, wanda littattafan Turawa ba su san da zamansa ba: hunturu. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitarwa har abada, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Masu adana kayan tarihi suna so danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, daga Janairu zuwa Maris yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta ya haura 70. Katakon da ya zauna a Ingila da ruwa kashi 12 a jikinsa zai sauko wajen kashi 5 a hunturunmu, kuma allo mai faɗin santimita 60 yana iya tsukewa da santimita guda. In an ɗaure shi ta yadda ba zai motsa ba, tsagewa zai yi. Wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da irin wannan tebur a watan Fabrairu ya san ƙarar, tas, cikin dare, da safe a tarar da layi ya ratsa saman daga wannan gefe zuwa wancan. Lulluɓi kuma, da yake shi da katakon ƙarƙashinsa ba sa tsukewa daidai, sai ya yi bororo ya fara ɓarewa, tsohon gam ɗin fata ya bushe ya saki. Damina ta zo aljihu ya ƙi fita. Shi ya sa nake cewa teburin Turai mai lulluɓi da zane-zanen katako kala-kala ba na ɗakin kowa ba ne a Arewa. In har ka saye shi, ka nisanta shi da taga da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ka ajiye kwanon ruwa a ɗakin lokacin hunturu, kuma kada ka bari a yi gyaran tsaga sai ya shekara a wurinka ya ga yanayi biyun.

Sai ƙwari. 'Yan ramuka masu faɗin milimita ɗaya zuwa biyu aikin tsutsar katako ne. Tsofaffin ramuka baƙi ne a ciki, ba abin tsoro ba ne. Ka shimfiɗa baƙar leda a ƙasa ka bubbuga wurin. In gari mai haske ya zubo, mai gidan na nan da rai, kada ka kai shi kusa da littattafanka sai an yi magani. In kuma ka ga hanyar tsutsar a buɗe tana tafiya a kan fuska, an yanka katakon ne bayan ta ci shi, wato tsohon katako aka sake sarrafawa, domin tsutsa a ciki take tafiya. Gara kuwa kun fi ni saninta. Takan cinye ciki ta bar fenti a tsaye. Ka ƙwanƙwasa kowace ƙafa da bayan makulli, ka saurari wadda za ta amsa da muryar fanko.

Matsalar hunturu da ƙwari ce ta kawo ni ga tsohon yayi, inda a ganina rabon yawancinmu yake. Daga Turai, kayan Denmak na shekarun 1950 da 1960, na katakon tik, sirara, marasa tarkace, sun dace da mai kwamfuta, kuma tun 1959 masu ƙera su suna da tambarin inganci da suke mannawa a ƙarƙashi. Amma a sani cewa da yawansu lulluɓin tik ne a kan matsattsiyar dusar katako. In ruwa ya taɓa shiga gefen ya kumbura, ba kafintan da zai mayar da shi. Teburan ƙarfe na ofis na wancan zamani gara ba ta da rabo a jikinsu, tsatsar ƙafa da santsin aljihu kawai za ka duba.

Wanda na fi so ku buɗe ido a kansa shi ne namu na gida. Daga shekarun 1940 zuwa 1970, ma'aikatar ayyuka da makarantun koyon sana'a da kafintocin gari sun ƙera wa ofisoshi da makarantu da kotuna da tashoshin jirgin ƙasa tebura da tsantsar loko da maɗaci da sauran katakon kurmin Kudu, irin wanda ya sa sunan garin Sapele ya zama sunan katako a kasuwar duniya. Ba su da ado. Nauyi gare su, sai mutum huɗu. Amma loko katako ne da ba ya yawan motsi kuma gara ba ta sonsa, sannan waɗannan tebura sun riga sun ga hunturu sittin ko saba'in, duk tsagewar da za su yi sun gama. Wasu za ka tarar da lambar ofis an buga da fenti a bayansu. Abin lura ɗaya: a duba allunan ciki, don akan sa farin katako mai taushi irin obece a can, shi kuwa abincin ƙwari ne. Canza shi ba wuya. A yau irin waɗannan tebura suna jibge a bayan sito ruwa na dukansu, ko an fitar da su gwanjo an maye gurbinsu da masu walƙiya da ba za su ga shekara biyar ba, wasu ma sun ƙare a murhun mai ƙosai.

Kalma biyu kan doka. Tebur mai adon hauren giwa ko ƙoƙon kunkurun teku, ka bar shi inda ka gan shi. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, Birtaniya kuma ta ƙara tsananta nata hanin a 2022. Wasu katakai ma, har da madobiyarmu tun 2017, sai da takardar izini suke ƙetare iyaka. Kuma a Nijeriya, dokar 1979 ta Hukumar Gidajen Tarihi ta hana fitar da kayan tarihi ba da izininta ba.

Wajen ciniki, abin da zai ba ku ƙarfin gwiwa shi ne farashin manyan kayan katako na Ingila ya faɗi ƙwarai tun farkon shekarun 2000, saboda gidaje sun ƙanƙance kuma matasa ba sa so. Kada wani ya ruɗe ka da cewa jari ne. Ka saya don ka yi aiki a kai. Kada ka yi cinikin biri a sama ta hoton waya. In dole ne, a turo maka hoton baya da ƙarƙashi da kusurwar aljihu da tef a jiki. Ka lissafa kuɗin dako da na gyara kafin ka taya, ka kuma auna ƙofar ɗakinka da lungun zaure. Fatar saman tebur in ta mutu ba abin fasa ciniki ba ne, dama akan canza ta, kuma a ƙasar da jar fatar Sakkwato ta yi suna har Turai ba za a rasa baduku da zai shimfiɗa sabuwa ba. Abin da ba ya gyaruwa da araha shi ne saman da ya karkace, da ƙafar da gara ta rarake, da lulluɓin da ya ɓace da yawa.

Kafintocinmu na baya, ga taku. In an kawo muku irin wannan tebur, don Allah a ajiye samfefa. Wannan duhu mai sheƙi da ke fuskarsa shekaru ne da hannaye suka yi shi, in aka kankare ba ya dawowa, kuma rabin darajar ta tafi. Kada a zuba masa baƙin mai don gara, kada a malala masa fenti mai ƙyalli, kada a buga ƙusa inci huɗu a haɗin da ya saki. A kwance haɗin, a wanke tsohon gam da ruwan ɗumi, a sake mannawa, a ɗaure ya kwana. Tsumma mai ɗan danshi, sannan kakin zuma sau ɗaya ko biyu a shekara, ya wadatar. Aljihun da ke cijewa a goga masa kyandir a gefe.

Roƙona na ƙarshe ga shugabannin makarantu da ma'aikatu da ke cikin wannan zaure: gobe in kun shiga ofis, ku sa a buɗe muku sito. Duk tsohon teburin loko ko maɗaci da kuka tarar, a shigar da shi inuwa, a ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa, a rubuta shi a rajista kafin a kira mai gwanjo.